Fim ɗin Punjab da ya fassara min shirun Umma

Yayanmu ya bar gida wata Laraba a watan Maris na 2014, bayan sallar asuba, da 'yar baƙar jakar goyo da sabon takalmi sau-ciki. Ya ce Agadas zai je, daga can ya wuce Libiya, ya yi aikin gini na shekara biyu, ya dawo ya buɗe shagon tayil. Ina aji biyar a sakandare a lokacin. Umma ko zaure ba ta raka shi ba. Tana zaune a kan sallaya ta ce, "Allah ya tsare," ta ci gaba da jan carbinta. Shi ne ɗanta na fari, kuma duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe ya san abin da wannan yake nufi. Ba ta kiran sunansa, ba ta zaman hira da shi a gaban mutane. In ta zuba masa abinci sai ta ce da ni, "Ungo, kai wa yaron nan."

Sau uku ya kira. Na farko daga Damagaram. Na biyu daga Agadas, yana jiran Litinin, ranar da motocin Hilux suke tashi a ayari su nufi Dirku. Ya ce ya sayi jarka biyu ya naɗe su da buhu, ya kuma sayi sandar da ake cusawa a gefen mota a riƙe don kada mutum ya faɗo in barci ya sace shi. Na uku daga Sabha ne, a watan Mayu, a 'yar ƙaramar wayar Umma. Baba ne ya yi magana da shi, bai fi minti biyu ba. Tun daga ranar ba mu sake jin ɗuriyarsa ba.

Baba ya je Agadas sau biyu. An yi saukar Alƙur'ani, an yi sadaka, an cike takardun masu neman waɗanda suka ɓace. Ni na yi kuka har na gaji. Umma kuwa ban taɓa ganin hawayenta ba, ko sau ɗaya. In 'yan jaje suka shigo sai ta ce, "Yana hannun Allah," ta tashi ta ɗora tukunya. Zan faɗi gaskiya, domin saboda ita nake wannan rubutu: na ƙullace ta. Shekara da shekaru ina ganin kamar kawaicinta ya wuce gona da iri, kamar ta riga ta haƙura da shi tun ranar da ya sa ƙafa ya fita.

A 2018 kawuna ya ɗauki nauyin karatuna, na tafi Indiya karatun haɗa magunguna a wata jami'a da ke kusa da Jalandhar, a jihar Punjab. Kamar kowace yarinyar Kano, ina tsammanin na san Indiya. Da finafinansu muka tashi, tun daga kaset har zuwa zamanin fassara. Ina zaton zan tarar da lambun furanni da rawa da waƙa. Abin da na tarar gonakin alkama ne shimfiɗe iya ganinka, kamar an ɗauko Kadawa an ninka ta sau dubu, da maza masu gemu da rawani kala-kala, da wani harshe da ba shi ne Indiyancin da kunnena ya saba ji ba. Punjabi suke yi, da nasu rubutun daban da ake kira Gurmukhi. Fiye da rabin mutanen jihar mabiya addinin Sikh ne.

Abu na farko da ya ɗaure min kai shi ne allunan talla. A kewayen tashar motar Jalandhar, kowane bene ka ɗaga kai, daga ƙasa har sama allo ne a kan allo: bizar Kanada, bizar Ostareliya, darasin jarrabawar Turanci ta IELTS. Suna da wata kalma da ba ta barin bakinsu, "bahar", wato waje. Wane ya tafi waje, wance za ta auri ɗan waje. Yankin nan da ke tsakanin kogin Biyas da kogin Satluj, wanda suke kira Doaba, da wuya ka shiga gidan da ba shi da wani a waje. A ƙauyuka za ka ga manyan benaye da ƙaton kwaɗo a ƙofa, ciyawa ta fito a tsakar gida, masu su suna Brampton ta Kanada ko Southall ta Ingila. A saman wasu gidajen an gina tankin ruwa da siffar jirgin sama, don kowa ya san ɗan gidan ya tsallake.

Wadda aka haɗa mu ɗaki da ita 'yar wani ƙauye ce a yankin. Zan sakaya sunanta. Ita ce ta fara kai ni sinima, a watan Yuli na 2019. A gida ban taɓa shiga ba, kun san yadda ake kallon 'ya macen da aka gani a ƙofar sinima. Fim ɗin da muka kalla sunansa Chal Mera Putt, wanda Amrinder Gill ya fito a ciki. Labarin wasu samari ne 'yan Punjab da suke zaune a Birmingham ta Ingila ba su da takardu, sun cunkushe a gida ɗaya, suna aikin ƙarfi, suna wasan ɓuya da jami'an shige da fice, ga kuma waya daga gida kullum ana tambayar kuɗi. Wasunsu daga Punjab ta Indiya, wasu daga Punjab ta Pakistan. Ƙawata tana raɗa min fassara a kunne. Ta ce min kafin 1947 ƙasa ɗaya ce, aka ja layi aka raba ta biyu, har yanzu tsakanin Amritsar da Lahore bai wuce tafiyar kilomita 50 ba, amma ɗan nan da ɗan can sun fi saurin haɗuwa a Ingila. Na tuna Katsina da Maraɗi, sai dai mu layinmu bai ci rayuka irin nasu ba.

Fim ɗin barkwanci ne, zauren ya yi ta ɗaukar dariya. Amma wata dattijuwa da ke gefena, tana cikin dariya sai na ga ta ja gefen mayafinta ta rufe fuska, kafaɗunta suna rawa. Ba ta buɗe ba har aka kunna fitila. A ranar na koyi kalmomi biyu. Wanda ba shi da takardar zama suna ce masa "kacca", wato ɗanye. Wanda ya samu kuwa "pakka", nunanne. Mutum zai iya shekara goma sha biyar a Ingila yana ɗanye, ba ya iya zuwa gida, domin in ya fita ba shi ba komawa. Uwarsa ta mutu bai zo ba, ƙanwarsa ta yi aure bai zo ba. Na koma ɗaki a daren nan na kasa barci. A karon farko na ji a raina cewa wataƙila Yaya yana raye a wani ɗaki irin wannan a Italiya, yana ɗanye, kunya ta hana shi kira. Ban gaya wa ƙawata komai ba. A lokacin a Indiya kaf ba wanda ya san ina da wa.

Sai korona ta zo. A ƙarshen Maris na 2020 aka rufe ƙasar baki ɗaya, ɗalibai 'yan gida suka watse, mu baƙi muka rasa inda za mu sa kanmu. Mahaifin ƙawata ya ce ta taho da ni. Na yi wata uku a gidansu.

Gidan manoma ne, eka biyar gare su, da ɓauna uku na tatsa, da tsohuwar tarakta. Uwar gidan kowa Bebe yake ce mata, ni ma na bi sahu, ina ƙara "ji" a ƙarshe kamar yadda suke yi wa manya. Ita kuma "puttar" take ce min, abin da take kiran 'ya'yan cikinta. Azumi ya kama a ƙarshen Afrilu, ana tsakiyar girbin alkama. Na yi niyyar in riƙa ajiye ragowar abincin dare don sahur, kada in takura wa mutane. Daren farko, wajen ƙarfe uku da rabi, na ji ana taɓa ƙafata. Bebe ce. Ashe su ma masu riƙo da addini a cikinsu kafin ketowar alfijir suke tashi su yi wanka su yi karatunsu. Na fito na tarar ta hura wuta, ta murza gurasarsu mai faɗi ta cusa mata dankali, tana gasawa da man shanu, ga kofin ƙarfe cike da kindirmon da ta kaɗa. Ta zauna a kan 'yar kujera tana kallona ina ci, tana karatunta ƙasa-ƙasa. Haka ta yi min kwana talatin, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Allah ne shaidata.

A bangon falonsu akwai hotuna uku. Biyu na iyayen maigidan ne, an rataya musu sarƙar furanni, alamar sun rasu. Na ukun saurayi ne da shuɗin rawani, gemunsa bai gama cika ba, shi ba a rataya masa komai ba. Kullum da safe Bebe takan goge shi da gefen mayafinta. Na ɗauka wani ne da ke Kanada.

Wani dare bayan sallah ƙarama, yaran gidan suka kunna wani fim a talabijin, Punjab 1984. Maigidan, da muke kira Bapu ji, yana ganin an fara ya tashi ya fita wajen dabbobi. Bebe ta zauna. Anurag Singh ne ya shirya fim ɗin, Diljit Dosanjh ya fito a matsayin ɗan, Kirron Kher kuma uwar. Ya fito ne a watan Yuni na 2014, wato wata guda bayan kiran Yaya na ƙarshe. Labarin wata mata ce a ƙauye da ɗanta ya fita bai dawo ba, a shekarun da Punjab take cikin wuta. Kullum tana hanyar ofishin 'yan sanda, tana zaune a ƙofa, tana tambayar duk wanda ya fito, ana korarta tana dawowa.

Sai a daren na san abin da ya faru da mutanen nan. A watan Yuni na 1984 firaministar Indiya ta lokacin, Indira Gandhi, ta tura soja cikin Harmandir Sahib da ke Amritsar, wurin ibada mafi daraja a wajen 'yan Sikh, don su fitar da Jarnail Singh Bhindranwale da mutanensa masu ɗauke da makamai. An kashe shi, an kuma kashe masu ziyara da yawa da abin ya rutsa da su. Ranar 31 ga Oktoba na shekarar, masu tsaronta biyu 'yan Sikh suka harbe ta. Kwana uku ana farautar duk mai rawani a Delhi, alƙaluman gwamnati da kansu sun ce mutum 2,733 aka kashe a birnin kaɗai. Daga nan aka shiga shekara kusan goma ta tashin hankali. 'Yan bindiga masu neman a ware wa 'yan Sikh ƙasarsu mai suna Khalistan suna kisa, jami'an tsaro suna kisa, talakan ƙauye yana tsakiya. Da dare waɗannan su zo su ce a ba su abinci, da safe waɗancan su zo su ce don me aka ba su. Ɗan arewacin Nijeriya na yau ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan wannan.

Wani mutum mai suna Jaswant Singh Khalra ya bi rajistar wuraren ƙona gawa, ya gano ana kawo gawarwakin samari ana ƙonawa da sunan ba a san masu su ba. A watan Satumba na 1995 aka ɗauke shi a ƙofar gidansa a Amritsar, ba a sake ganinsa ba. Daga baya hukumar binciken tarayya ta tabbatar da gawa 2,097 da aka ƙona haka a gundumar Amritsar kaɗai, kotu kuma ta ɗaure wasu 'yan sanda saboda kisansa.

Saurayin da ke jikin bango ƙanin Bebe ne. A 1992 aka zo gona aka tafi da shi, yana ban ruwa. Shekara ashirin da takwas ke nan a lokacin, ta ƙi yarda a rataya wa hotonsa furanni.

Ban san lokacin da kuka ya ƙwace min ba. Ba irin kukan kallon fim ba, kukan da har sai da aka kashe talabijin. Cikin gurɓataccen Punjabi da taimakon ƙawata na ba su labarin Yaya tun daga farko. Na kuma faɗi abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, na ce wannan matar ta fim ta fi uwata son ɗanta, domin ita tana yawo tana kiran sunansa, tawa kuwa ko hawaye ba ta yi. Na yi musu bayanin ɗan fari da alkunya. Bebe ta saurara har na gama. Ba ta yi min musu ba. Tambaya ɗaya ta yi, ta ce, "Puttar, lambar da ya kira ta ƙarshe, ta wa ce?" Na ce ta Umma ce. Ta ce, "Ta taɓa canza ta?"

Na yi shiru. Sau biyu ana saya wa Umma babbar waya tana bayarwa. Ta ƙi yarda ko layin a cire a sa a wata, wai kada a taɓa mata. 'Yar wayar nan madanninta duk sun goge, an ɗaure bayanta da kyauro. In an kwana biyu ba wuta, ita da ba ta aiken kowa a kan abin kanta, sai ta tashi autanmu ko da dare ne ya kai mata caji. Ko banɗaki za ta shiga sai ta ajiye ta a bakin taga. In baƙuwar lamba ta kira, kafin ƙara na biyu ta ɗauka, sai ta yi shiru ba ta ce komai ba, tana jira mai kiran ya fara magana. Shekara huɗu ina ganin wannan da idona, ban taɓa karanta shi ba, sai da wata mata da ba ta san ko ina Kano take ba ta nuna min.

A zaman nan na fahimci cewa finafinan tashin hankalin 1984 da finafinan tafiya waje igiya ɗaya ce ta ɗaure su. Bapu ji ya ce min a shekarun nan duk mai ɗa saurayi burinsa ya fitar da shi daga Punjab ko ta halin ƙaƙa, domin gara a ce yana wankin kwanuka a Jamus da a ce an tsinci rawaninsa a bakin magudanar ruwa. Hanyar kuwa tsohuwa ce. Tun 1914 wani jirgin ruwa mai suna Komagata Maru ya kai mutum 376 Vancouver ta Kanada, yawancinsu 'yan Sikh, aka hana su sauka, suka yi wata biyu a kan ruwa aka juyo da su, da suka iso kusa da Kalkata kuma 'yan sandan Ingila suka buɗe musu wuta. Sai a 2016 firaministan lokacin, Justin Trudeau, ya nemi afuwa a majalisar Kanada. A ƙidayar 2021 'yan Sikh da ke Kanada sun haura dubu 770. Tekun da ke cin 'ya'yanmu ma ya ci nasu: a daren Kirsimeti na 1996 wani kwale-kwale ya nutse tsakanin Malta da Sisili da mutum kusan 280, da yawansu samarin Doaba ne. Da aka samu zaman lafiya kuma sai wasu dalilan suka maye gurbi. Gona tana raguwa da rabon gado, ruwan ƙasa yana ƙara nisa saboda noman shinkafa, bashin dillalin hatsi yana hawa, aikin gwamnati babu, ga wata farar ƙwaya da suke kira "citta" tana cinye samari. Bebe ta ce da ta ga ɗanta a kan wannan hanya gara ta ga bayansa a filin jirgi.

Ta kuwa gani. Wan ƙawata ya zauna jarrabawar Turanci sau biyu bai samu makin da ake nema ba. Sai wani dillali ya ce zai kai shi Amurka ta hanyar da suke kira "donki", wato a yi ta tsallake iyakoki a ɓoye. Aka sayar da eka biyu cikin biyar. Kafin ya tafi na raka Bebe wani wurin ibadarsu a ƙauyen Talhan, kusa da Jalandhar. A bakin ƙofa shaguna ne jere suna sayar da jiragen sama na roba, irin na wasan yara. Mutane suna saye su shiga da shi su ajiye, suna roƙon biza. Ƙawata ta ce min wannan ba koyarwar addininsu ba ce, al'ada ce kawai ta mutane. Ni dai na tsaya daga gefe da mayafina. Ba addinina ba ne, ba kuma abin da zan yi ba ne. Amma na ga yadda hannun Bebe yake karkarwa da ta ajiye ɗan farin jirgin nan a cikin tulin 'yan'uwansa, na tuna ƙosan sadakar da Umma take sa a saya duk Juma'a a raba wa almajirai, ba ta taɓa cewa na mene ne ba.

Ya tashi a watan Nuwamba na 2021. Dillalin ya yi alkawarin jirgi ne har Meksiko. Ƙarya ne. A Kudancin Amurka aka sauke su, suka bi mota har Kolombiya, daga nan aka sa su cikin dajin Dariyen da ke tsakaninta da Panama, inda babu titi, sai laka da koguna da 'yan fashi. Kwana goma sha tara ba a ji daga gare shi ba. A kwanakin nan ƙawata ba ta shiga aji ba. Ni nake dafa mana abinci, ni nake karɓar wayar Bebe in ta kira da tsakar dare, domin ni kaɗai ce a cikinsu na san wannan jiran. Ranar da saƙon muryarsa ya shigo, daƙiƙa tara ne kacal, mun saurare shi ya fi sau hamsin. Na yi musu murna har zuciyata. Na kuma shiga banɗaki na kunna famfo na yi kukan namu da bai zo ba.

Bayan wata uku, a Fabrairun 2022, aka saki Aaja Mexico Challiye, wanda Ammy Virk ya fito a matsayin saurayin da dillali ya yaudara ya jefa shi daji a hanyar Amurka. Muka je. Ƙawata ba ta iya kaiwa ƙarshe ba, ta fita ta jira ni a waje. Na ga iyaye maza da rawunansu suna share ido ba sa ɓoyewa.

A nan ina da ƙorafi a kan masana'antar, duk da son da nake mata. Fim zai nuna maka gawa a daji, amma kafin a fara shi an nuna tallar ofishin biza, waƙoƙin da samari suke ji a waya kuma duk manyan motoci ne a titunan Toronto. Da hannu ɗaya suna cewa kada ka je, da ɗayan suna yafito ka. Na ji wasu samari a bayana muna fitowa suna cewa kuskuren jarumin shi ne bai samu dillali nagari ba. Duk da haka ba zan rage musu ba. Sun ɗauki ciwon da ke cikin gidajensu sun ɗora a allo da harshensu, har uwa ta ƙauye tana iya zama ta ga kanta. Mu da muka aro rawa da waƙa daga Indiya, na so a ce wannan ma mun aro shi da ƙarfi. Matan Kance ta Nijar da yaransu, mutum 92 da ƙishirwa ta kashe a hanyar Aljeriya a watan Oktoba na 2013, sun isa a yi musu fim da Hausa.

Na gama karatu na dawo gida a 2022. Wan ƙawata ya shiga Amurka, yana aiki a wani gidan mai a Kalifoniya, har yau ɗanye ne. Bapu ji ya rasu a 2023. Ta waya ɗansa ya kalli yadda aka ɗora shi a kan itace, wani ɗan'uwa ne ya kunna wutar da shi ya kamata ya kunna. Ranar 5 ga Fabrairu na 2025 jirgin sojan Amurka ya sauka a Amritsar da mutum 104 da aka koro, an ɗaure su hannu da ƙafa. Ƙawata ta kira ni muryarta tana rawa, ta ce sun duba ba ya ciki. Ta ce Bebe da ta ji haka ta yi godiya, can kuma ta ce da ma yana ciki, ko a ɗaure ne ta gan shi.

Wannan maganar ce ta sa na yi abin da na shekara biyu da rabi ina jin tsoro. Tun da na dawo ina da fim ɗin Punjab 1984 a kwamfutata, ban taɓa samun ƙarfin halin nuna wa Umma ba. A azumin da ya biyo baya, wani dare bayan tarawihi, Baba yana masallaci, autanmu ya fita, na shimfiɗa tabarma a ɗakinta na ce, "Umma, zo ki ga garin da na zauna." Ta ce ita ta tsufa da kallon Indiya. Na ce wannan ba irin wanda ta sani ba ne. Ta zauna tana tsinke zogale a tire, 'yar wayar tana gefen cinyarta.

Ina fassara mata kamar yadda aka yi min. Da farko tana yi tana tsinke ganyenta, har tana cewa gonarsu ta yi kyau. Da aka zo inda matar take zaune a ƙofar ofishin 'yan sanda, sai na ga hannunta ya tsaya. Can ta ce, "Tsayar." Na tsayar. Ta daɗe tana kallon fuskar matar a allo. Ta ce, "Shi ke nan gare ta?" Na ce eh. Ta ce, "Kuma haka take faɗin sunansa a gaban maza?" Na ce, "Su ba sa ɓoyewa, Umma."

Ta ture tiren gefe. Ba ta kalle ni ba, bango take kallo. Ta ce, "Ranar da ya kira daga Sabha, ni na ɗauka. Na ji muryarsa. Cewa ya yi, Umma, ke nake so mu yi magana. Kawunku yana zaune, da baƙi biyu. Sai na miƙa wa babanku." Ta yi shiru. Ta ce, "Da ya gama da babanku ya sake cewa a ba shi ni. Kafin in miƙa hannu kuɗinsa ya ƙare."

Shekara goma sha ɗaya tana ɗauke da wannan ita kaɗai. Na rasa abin da zan ce, na kama hannunta, abin da ban taɓa yi ba tun ina yarinya. Sai ta faɗi sunansa. Sunansa na yanka, cikakke, a hankali, kamar mai ɗanɗana abin da ta daɗe ba ta ci ba. Tun da aka haife ni ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba. Ta faɗa sau biyu. Hawayen suka zo, ba ta share ba, ni ma ban ce ta yi haƙuri ba.

Mun fi rabin awa a haka. Da ta nutsu ta ɗauki 'yar wayar ta danna ta ga da sauran caji, ta mayar gefen cinyarta. Ta gyara ɗaurin ɗankwalinta, ta nuna kwamfutar da haɓa, ta ce, "Kunna mu gani, ko ita ta samu nata."